Kun Ci Kifin Tafkin Baure, Kuka Rubuta Babu Kifi

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya tsaya a kan aikin sabon tafkin kifi mai famfon hasken rana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki ƙarƙashinka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ranar da kake da haƙuri, domin doguwa ce, kuma mai rubuta ta ba ya cikin daɗin rai.

Sunana Umaru, ni ne Sarkin Ruwan wani ɗan ƙauye da ke bayan Dalijan a ƙasar Gwandu. Ruwan da nake riƙe da shi ana ce masa Tafkin Baure. Mahaifina ya riƙe shi, kakana ya riƙe shi, kuma aikinmu shi ne mu rufe ruwa lokacin da kifi ke haihuwa, mu buɗe shi ranar su, wato ranar kamun kifi, mu raba faɗan masunta, mu san wanda ya shiga da wanda ya fito. Kai ba ka san ni ba, amma mutanenka sun zauna a kan tabarmata, sun kuma ci tuwon gidana. Sau biyu na je ofishinku neman ka, sau biyun aka ce mini ka yi tafiya. Na bar saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a.

Bari in riga mutane faɗa maka abin da za su faɗa a kaina. Za su ce hassada ce ke cin Sarkin Ruwa tun da aka kai tafkin nan ƙasar Kalgo. To gaskiya suka faɗa. Ina hassada, wallahi ina yi, har na rame, har mai ɗakina ta fara tambayata ko ciwo nake ɓoye mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sha istigfari a kai, na kuma san malamai sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Amma mai hassada ma wani lokaci yakan zo da gaskiya a bakinsa, saboda haka ka daure ka ji tawa.

Na ɗaya: ranar da mutanenka suka zo mana.

Da bazara ne, shekara biyu ke nan, bayan mun idar da sallar Azahar, sai ga farar mota ta tsaya gindin bauren da ke bakin tafki. Mutum uku suka fito: direba, da wata baiwar Allah mai riƙe da abin awo, da wani matashin injiniya mai littafi a hannu. Yaron kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya durƙusa ya gaishe da dattawa, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Abin da ya ce mana kawai shi ne suna zagayawa ne suna duba wuraren ruwa. Bai ce za a haƙa tafki ba, bai ambaci sola ba, bai ce gari ɗaya za a zaɓa cikin garuruwan da suke zagayawa ba.

A nan sai na yi maka bayanin wani abu da kowane ɗan masunci ya sha a nono. Mu ba mu yabon ruwanmu gaban baƙo. Ko da kifi na tsalle yana faɗawa cikin jirgi da kansa, in baƙo ya tambaye ka, cewa za ka yi babu komai. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, alkunya ce, irin wadda uwa ke yi wa ɗanta na fari a ƙasar nan. Ka tambayi mace labarin ɗan farinta ka ji, za ta kau da kai ta ce wannan ai ba ya da wani amfani, alhali ranta na wurinsa. Kuma muna da dalili. Tsofaffinmu na tsoron baki, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, a zamanin mahaifina wani daga cikinmu ya yi fariya da tafkin nan a kasuwa, ba a yi wata ba wasu suka zo da manyan taru da maganin kashe kifi, suka bar mana ruwa yana wari, sai da muka yi damina uku muna cin miya lami. Tun daga nan dokar ta ƙara tsanani, musamman a kan wanda ke riƙe da sarauta.

To injiniya ya buɗe littafi ya tambaye ni ko akwai kifi a ruwan. Na ce masa ina fa, sai kwaɗi da 'yan karfasa waɗanda ko kyanwa ba za ta ƙoshi da su ba. Ya ce ruwan yana kai ƙarshen rani? Na ce ai ga shi yana gani da idonsa, taɓo ne. Ya ce masunta nawa ne a garin? Na ce mu manoma ne, sun namu na ɗebe kewa ne kawai. Yana tambaya yana rubutawa, ni kuwa ina ƙara jin kaina, domin ina ganin dattawa na gyaɗa kai. Bayan sun tafi, ƙanen mahaifina, Baffa Jibo, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ubanka ka yi, Allah shi yi maka albarka." Ranar na kwana da farin ciki, ban san da bakina na yanka wuyan garinmu ba.

Laifina ke nan, na ɗauka. Yanzu ga naku. Lokacin da injiniyanka ke rubuta babu kifi, hannunsa na dama maiƙo ne da romon tarwaɗa. Mai ɗakina ta aiko musu da tuwon shinkafa da miyar da ta sha banda, kan tarwaɗar da aka sa masa a kwano ya kusa cika kwanon. Ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce rabonsa da irin wannan miya tun kakarsa na da rai. Da za su tafi aka ƙunsa musu kifin banda a takarda, kowa da nasa, har direba. A bayansa kuwa, a jikin bauren da ya jingina da shi, komaye ne rataye suna shan iska. Gabas da shi hayaƙin banda ne ke tashi daga gidaje. Ƙasar da ya taka duk ɓawon kifi ce tana ƙyalli a rana. Haba Yallaɓai! Ko makaho ne ya zo garin nan hancinsa zai gaya masa sana'armu. Wanda ya san masunta ba ya tambayarsu sau ɗaya ya tafi. Yakan duba hannun mutane, ya leƙa wurin banda, ya dawo da kaka ya ga ruwa a cike. Ku kun zo sau ɗaya, da tsakar bazara, lokacin da kowane tafki a duniya ke jin kunyar kansa, kuka yi tambaya uku kuka rufe littafi.

Da na je ofishinku karo na biyu, wani magatakarda ya tausaya mini ya karanta mini abin da aka rubuta a kan garinmu. Layi uku ne: babu kifi, ruwa ba ya kai rani, mazauna ba masunta ba ne. Ban iya yin musu ba, domin maganata ce aka maido mini ba ragi ba ƙari. Na yi masa godiya na fito na nemi babur.

Na biyu: wanda kuka ba.

Da wani baƙo can kuka ba aikin nan, da abin bai ci mini rai haka ba. Amma daga wurinmu motarku ta miƙe sai wani ƙauye can wajen Dangoma a ƙasar Kalgo, ta tsaya a ƙofar Bawa. Bawa ɗan goggona ne, taubashina. Ubansa ya rasu yana ƙarami, aka kawo shi gidanmu, kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Mahaifina ne ya ɗora shi a kan gora ya koya masa iyo, ni kuma na koya masa jifan komar birgi, kuma Allah shaida ne sai da ya yi damina biyu yana jefa ta tana faɗuwa a dunƙule kamar an yar da tsumma. Da ya yi aure ya koma garin ubansa ya kama noman albasa, kuma ya iya, ba zan hana shi ba. Shekara talatin rabonsa da ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa.

Abin da suke da shi a garin wani kududdufi ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini. Na san shi, awaki ke shan ruwa a ciki. To wannan kududdufin Bawa ya tsaya ya yi wa kirari gaban injiniyanka kamar yana maganar kogin Kwara. Ban zarge shi da wannan ba, shi manomi ne yanzu, manomi kuwa yabon gonarsa yake yi. Abin da ya ci mini rai daban ne. Mutum biyu da ke wurin sun tabbatar mini cewa injiniya ya gaya masa sun fito daga Tafkin Baure, kuma mutanen can sun ce ba su da kifi. Bawa ya san dokar. Ya san ta kamar yadda ya san sunansa, domin an taɓa zane mu tare a kanta muna yara. Kalma ɗaya ta ishe shi: ku koma, alkunya ce suka yi muku. Sai ya shafa gemu ya ce, "To, tunda su sunka hwaɗi, wa ya fi su sani?"

Yau Bawa ne shugaban masuntan sabon tafki. Ya ɗinka babbar riga, ya sayi hula mai aiki, wayarsa ba ta hutawa. Na ji muryarsa a rediyo yana koya wa jama'a yadda ake kula da kifi, sai da na tashi na bar wurin don kada yara su ga fuskata. A wajen ɗaurin aure yanzu in mun haɗu, shi ake fara miƙa wa hannu. Kwanaki wani maroƙi, ina tsaye a wurin, ya kira shi Sarkin Ruwa, bai ce masa a'a ba.

Na uku: abin da na gani da idona.

Na yi rantsuwa ba zan taka wurin ba, na yi wata biyar ina riƙe da rantsuwar, sannan na yi kaffara na tafi. Ranar kasuwar Kalgo na fake da ita, na naɗa rawani har hanci, na sauka nesa na ƙarasa da ƙafa. Da bazara ne kuma, rana tana dukan tsakar ka, irin lokacin da tafkinmu ke komawa ɗan ido ɗaya a tsakiya, muna tattalinsa.

Yallaɓai, aikinku ya yi kyau. Na so a ce bai yi ba, na je ne ina neman aibu, amma ya yi. Na ga farantan sola a jere a kan ƙafafun ƙarfe, sun fuskanci rana, an kewaye su da waya. Na ga bututu mai kaurin cinyar mutum yana aman ruwa garai-garai cikin tafki, kuma babu ƙarar inji, babu hayaƙi, babu mai zuba fetur. Na tsaya ina kasa kunne, sai ƙarar ruwa kawai. Mu da muka taɓa haɗa hannu muka ɗauko injin ban ruwa don mu ƙara wa tafkinmu daga rijiyoyin fadama, muka ga yadda yake shan mai kamar raƙumi har muka haƙura muka maida shi, mu muka san darajar wannan shirun. Ranar nan da ke shanye mana ruwa a Gwandu, ita ce a Kalgo ke ɗebo musu shi daga ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyar tafkin akwai wani abu mai fukafukai yana kaɗa ruwa, aka ce iska yake ba kifi. A gefe ga wani ɗaki mai sanyi inda ake ajiye abin da aka kama, har ƙanƙara suke yi, mata na zuwa da robobi suna ɗiba. Matanmu kuwa idanunsu sun yi ja da hayaƙin banda, domin in ba a banda kifi a yinin da aka kama shi ba, to na karnuka ne.

Ina tsaye ina kallo sai na ji an ƙwala mini kira da sunan da ba wanda ke kirana da shi sai mutum ɗaya. Rawanin bai yi mini amfanin komai ba, Bawa ya gane tafiyata. Ya taho da gudu-gudu yana dariya, yana cewa jama'a su zo su ga bawansa ya zo gaishe da ubangidansa, irin wasan da ke tsakanin taubasai. Na mayar masa, na ce albasa ce ta kawo ni, na ji an ce mai ita ya bar ta tana ruɓewa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa a haƙori ta tsaya. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa mai ƙanƙara, ya zagaya da ni ko'ina yana nuna mini wannan yana nuna mini wancan, yana kiran sunayen abubuwa da Turanci. Da zan tafi ya sa aka cika mini kwando da tarwaɗa, ya ce in kai wa iyali su ɗanɗana.

Ni, Umaru, jikan masu ruwa, manomin albasa ya ba ni kifi in kai gida. Maida kyautar taubashi abin kunya ne, saboda haka na karɓa na ɗaura a bayan babur. Tun daga Kalgo har gida ina addu'ar Allah ya sa kifin ya yi lami, tunda ba a ruwan Allah ya tashi ba. Mai ɗakina ta dafa, muka ci. Da daɗi, Yallaɓai. Bai kai namu ba, wannan kam zan tsaya a kai ko gaban alƙali, amma da daɗi.

Akwai kuma abin da na gani na yi shiru, yanzu zan faɗa don in sauke nauyi. Sun haɗa manyan tarwaɗa da ƙanana a wuri ɗaya. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san babbar tarwaɗa ba ta san ɗiyanta ba, haɗiye su take yi. Na gani, na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna da shafa gemun Bawa, na rufe. Wannan shirun ya dame ni fiye da yadda na zata, domin na ga ashe ni da shi duk kanwar ja ce. Ka aika a gaya masa ya raba su, ba sai an ce daga ni ba ne.

Na huɗu: halin da muke ciki.

Tafkin Baure yana mutuwa, ba yau ya fara ba. Kowace damina ruwa na kwaso yashi daga gonakin tudu yana zuba mana, bakin mashigar ruwan ya toshe rabi, kowace shekara yana riga ta bara ja da baya. Inda mahaifina ke nitso ya ɓace, yau ɗan shekara goma na tsayawa ruwan na kai masa ƙirji. Abin da muke buƙata bai kai rabin abin da kuka yi a Kalgo ba. Ku can sai da kuka haƙa rami daga farko, kuka sayo 'ya'yan kifi, kuka ɗauko mai koya wa mutane riƙon koma. Mu ramin na nan, kifin na nan, masu sun na nan. Yashe muke so, da famfo ɗaya mai sola da zai riƙe mana ruwa wata uku na zafi.

Ranar su ta bana ita ta karya mini zuciya. A da, in na sa rana, mutane kan zo daga Masama da ƙauyukan kewaye tun hantsi, da homar kamun kifi da gora, masu kiɗa na kiɗa, mata na suya a bakin ruwa. Bana na yi addu'a, na shiga ruwa na buɗe, na waiwaya, waɗanda ke bayana ban gama ƙirga su da yatsun hannu biyu da na ƙafa ba. Sauran sun tafi Kalgo, domin ranar ta yi daidai da ranar kamun Bawa.

Bayan Sallar layya magidantan garinmu suka same ni a zaure. Ba su yi mini rashin kunya ba, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka zauna suka sunkuyar da kai, babbansu ya ce Bawa ya aiko musu yana neman hannayen da suka san ruwa, zai ba su wurin zama da rabo a kamu. Ya ce sun jinkirta amsa saboda girmana, amma da zarar an gama girbin bana, in ba wani labari, za su kwashi iyali su tafi. Ɗana na fari yana cikinsu, yana zaune a bakin ƙofa, bai ɗago ya dube ni ba. Ban yi fushi da su ba. Mutum ba zai dafa wa ɗiyansa sarautar Umaru su ci ba. Amma in gidajen nan suka tashi, ba mai rufe ruwa, ba mai buɗe shi, ba mai tsare shi daga masu magani, shekara biyu ta yi yawa a fara shuka dawa a cikinsa. Gero ya riga ya fara fitar da kai, kwanakin da suka rage mini ba su da yawa.

Na biyar: amsar tambayoyin injiniya.

Ka ba shi takardar nan, ka ce ya buɗe littafinsa ya soke layi ukun nan ya rubuta wannan.

Akwai kifi a Tafkin Baure. Akwai tarwaɗa da ramboshi waɗanda sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Akwai karfasa mai faɗin faifai, akwai kurungu, akwai balli da ke yin sheƙa cikin ciyawar gabas, akwai gaiwa kwance a taɓon kudu. A gurbin da ke ƙarƙashin saiwar baure akwai giwan ruwa, ni na san da ita, ubana ya san uwarta, ba mu taɓa gaya wa kowa ba. Ruwan yana kai ƙarshen rani, bai taɓa ƙafewa ƙaf ba tun da aka haife ni, domin akwai idon ruwa a tsakiyarsa mai sanyi kamar randa. Mutanen garin kuwa masunta ne, ɗiyan masunta, noman ne na ɗebe kewa. Duk ƙasar Gwandu da Kalgo babu ruwa mai albarkar wanga ruwa, na faɗa, a buga a jarida, a karanta a rediyo, Bawa ya ji.

Wannan da na rubuta, ba a taɓa yin irinsa ba a gidanmu. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na je na durƙusa gaban Baffa Jibo na gaya masa niyyata. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ba zai hana ni ba, domin shi ma yana da jikoki cikin masu shirin tafiya, amma in sani dokar ba ta canzawa saboda ni. Sarkin Ruwan da ya yabi ruwansa gaban duniya ba ya ƙara buɗe shi. Ranar da takardar nan ta fita, zan ɗauki homar kakanmu da sandar sarauta in kai ɗakinsa, shi kuma ya miƙa wa ƙanena. Na ce na ji, na yarda. Na yi kuka a gabansa, ina da furfura, shi ma ya share ido da bakin riga.

Saboda haka ga roƙona, Ranka shi daɗe.

Ina roƙo ka sake turo mutanenka kafin a gama girbi, yanzu da ruwa ke cike, su kwana biyu a garin, su shiga jirgi, su ga abin da na lissafa da idonsu. Ina roƙo, in akwai sauran rabo a aikin nan ko a wanda zai biyo baya, a yashe mana tafki a kafa mana famfo ko da ɗaya ne. In ma ba za a samu bana ba, a aiko wani babba ya tsaya gaban magidantanmu ya ce musu ana tafe, wannan kaɗai zai iya riƙe su damina ɗaya. Ina roƙo kuma, duk garin masunta da za ku shiga nan gaba, ku fara faɗin abin da ya kawo ku, ku tafi da wanda ya san halinmu. Tunda kuma na tona asirin ruwan, ina roƙo ku taimaka a sa ido a kansa, kada masu taru da magani su riga ku zuwa.

Ban ce a karɓe na Bawa ba. Zuciyata ta ce in faɗa, ta faɗa mini ya fi sau ɗari, amma ban faɗa ba. A bar masa, Allah ya sa masa albarka, ko da yake sai da na yi da gaske wannan addu'ar ta fito.

Kai kuma Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiya da basira, ya raba ka da masu kai maka rahoton da ba su duba ba. Allah ya sa aikin nan ya zama hujja gare ka ranar gobe, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da iyaye lafiya. Amin.

In Allah ya kawo ku, kada ku ce a kira muku Sarkin Ruwa, domin wani za a kira. Bawa na can da hularsa, ni tawa na cire. Ku ce kuna neman Umaru, kowa ya san gidan. Ba ni da ikon buɗe muku ruwan, amma tuƙin jirgi ba a hana ni ba, ni zan kai ku.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Umaru na Tafkin Baure,
ƙasar Gwandu.